Zauren Da Aka Hana Cewa "Da Sauƙi"

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke tuna wa mutum wata bazarar. Shekaranjiya da hantsi wata mata ta kawo mahaifinta asibitinmu a bayan babur, tsoho tukuf, rigarsa sharkaf da gumi. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗiyata." Ban ankara ba sai ga idona a kan agogon hannuna, leɓɓana na motsi, ina ƙirga hawa da saukar ƙirjinsa. 'Yar tasa ta ce, "Malama, ai ya ce da sauƙi." Na ce na ji, na ci gaba da ƙirgata. Wannan hali a cikin waya na koye shi, a azumin shekarar korona, kuma sai da na kusa rasa mutumin da ya koya mini aiki kafin halin ya zauna mini.

Lokacin ina aiki a wani ƙauye bayan Badarawa, ƙasar Shinkafi. Asibiti dai suna ne. Ɗaki biyu, gado uku, firij ɗin rigakafi mai aiki da hasken rana, sai ni Luba, ni ce likita, ni ce nas, in ta kama ni ce mai shara. Azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ga kuma kulle. Kai, ban taɓa ganin rana irin ta shekarar ba! Kafin azahar rufin kwano ya fara ƙara shi kaɗai, ka taɓa ƙarfen gado ka janye hannu. Rijiyar gari ta ja baya, sau biyu ana ƙara wa guga igiya, abin da ke fitowa kuma rabinsa laka. Awaki sun daina kiwo, sai su rakuɓe gindin katanga suna haki. Mu da ake ce mana mu riƙa wanke hannu sau ba adadi, ruwan alwala ma sai an yi dabara.

Kasuwanni sun watse, motoci sun tsaya, masu lodi a Kaura suna zaune ba aikin yi. 'Yan cirani suka riƙa dawowa a ɓoye cikin motocin kaya, hannu wofi, wasu da tari. Gero na nan a rumbun mai sauran gero, amma sukari da mai da sabulu sun zama abin labari. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne ba zaƙi, da hoce, da mangwaro in an dace. Ƙanƙara kuwa ko yara sun daina tambayarta. Idan na tashi daga aiki ba na shiga ɗaki kai tsaye. Sai in zagaya bayi in tuɓe, in jiƙa kayan a roba, in yi wanka da rabin buta, sannan in yarda 'ya'yana su taɓa ni. Su tsaya daga bakin ƙofa suna kallona, ni ina kallonsu. Wannan ya fi mini ƙishirwa ciwo.

Ba mu san komai a kan cutar ba sai abin da rediyo ya faɗa da abin da bakin gari ya ƙara. A cikin wannan hali ne Hajiya Kulu ta buɗe mana guruf a waya. Babbar nas ce a Kaura, ta kusa ritaya, mace mai kaifin baki wadda rabinmu a hannunta muka yi gwajin aiki. Ta tattaro mu, ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye daga ƙasar Kaura da Zurmi da Shinkafi, mu ashirin da 'yan kai. Mu muka sa masa suna zaure, muna dariya wai yau ga zauren da mata ke shiga su miƙe ƙafa har su yi wa maza faɗa.

Zauren nan shi ya riƙe mu. Kowace safiya kowa zai faɗi majinyatan da ya gani da abin da ya ƙare masa. A nan wata ta turo hoton yadda telansu ke ɗinka takunkumin fuska da atamfa ninki uku, kafin mako kowane ƙauye tela ya koya. A nan muka koyi huda bokiti mu sa masa kan famfo don ruwa ya daɗe. Wanda ke da ragowar safar hannu ya faɗa, wanda ba shi da ita ya faɗa, mai babur ɗin da zai bi ta wurin ya kai. Motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya ce Hajiya ke iya roƙo mana, kuma da abin da muka faɗa a zaure take yanke inda za ta tura ta.

Sabis a ƙauyenmu wuri ɗaya yake zama, kan dakalin tsohon tankin ruwa da ke bayan asibiti. Nan nake hawa in ɗaga waya sama ina juyi, har tsofaffin gari suka riƙa cewa Malama ta fara neman watan Sallah tun azumi na uku. Yanzu an kafa mana ƙarfen sabis, daga kan gadona nake shiga zauren, kuma ba abin da ke ciki sai katin biki da na suna. A wancan lokaci kuwa in wayata ta mutu ji nake an rufe ni a ɗaki ni kaɗai.

Dattijon zauren shi ne Baba Bawa. Yana wani ƙauye can cikin ƙasar Zurmi, gaba da Dauran, shekara talatin yana ba da magani a ɗaki ɗaya. Wurinsa aka fara tura ni aiki ina yarinya ɗanya, ban iya ko neman jijiya ba. Shi ya riƙe hannuna na yi allurar farko. Matarsa Inna Hajo ta ba ni ɗaki a gidansu shekara biyu, tuwonta na ci har na yi aure. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, saboda haka da na ce masa Baba ba don ladabi kawai nake faɗa ba.

Baba bai iya rubutu a waya ba, sai saƙon murya. Kuma shi ba ya shiga magana sai ya gaisa. Kullum da safe sai ka ji shi:

"Salamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya Kulu kin tashi lahiya, ya ibada, ya rana, ya mutanen Kaura. Mustafa sarkin surutu ka tashi lahiya, ya iyali, ya babur ɗinka mai tari. Luba ɗiyata ya ɗiya, ya maigidanki, ya ruwan rijiyarku..."

Haka zai bi mu ɗaya bayan ɗaya, mutum biyar shida a numfashi guda, kamar mai karanta tilawa. Sai ya cinye minti huɗu, sannan ya ce majinyata uku ya gani. Mustafa, wanda ke ƙauyen da ya fi kusa da shi, kullum cikin ƙorafi yake: "Baba, wallahi gaisuwarka ta ƙare mani data, ka tausaya muna." Baba ya amsa da wata gaisuwar ta minti biyu yana ba shi haƙuri. Ni ina kan tanki, rana na dukana, ina dariya ni kaɗai.

A goman farko na azumi abin ya faru da ya sa aka kafa doka. Mustafa ya je duba wata tsohuwa mai tari. Da safe ya tambayi 'ya'yanta ya ta kwana, suka ce da sauƙi. Ya tambaye ta, ta ce da sauƙi. Shi ma ya shigo zaure ya ce da sauƙi. Hajiya ta tura mota wani wurin. Washegari tsohuwar ta rasu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka aka rene mu gaba ɗaya. Mutum ko yana shure-shuren mutuwa, ka ce ya jiki, zai tattara ƙarfinsa ya ce da sauƙi, don kada ya zama mai butulci ga Ubangijinsa. Mustafa sarkin surutu ya yi kwana biyu bai ce uffan ba.

Sai ga muryar Hajiya, a bushe. "Daga yau na hana wagga kalma cikin zauren ga. Duk wanda yac ce mani da sauƙi, waje zan yi da shi. Ku aje agogo gabanku, ku ƙirga numfashin mutum minti guda, ku ba ni lamba. In babba ne ta haura talatin, ku sa ta nan take kowa shi gani, wanda yaf fi kusa shi tashi."

Baba ne kaɗai ya iya ja da ita. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, wagga doka taki ta yi tsauri. Bawa na kwance Allah na jarraba shi, sai shi buɗe baki shi ce ba sauƙi? Ai ƙarar Ubangiji ya kai ke nan."

Ta ce, "Malam Bawa, majinyaci shi ce da sauƙi, ladarsa na nan ba mai taɓa ta. Kai da anka ba agogo, ƙirga."

Aka yi dariya, doka ta zauna. Zaure ya cika da lambobi. Ashirin da biyu. Ashirin da shida, zazzaɓi kwana uku. Da farko abin ya yi mini nauyi a baki, sai in ji kamar na shiga gidan mutane ban yi sallama ba.

Goman tsakiya ta fi kowace zafi. Iska ta ɗauke ɗif, hadari ya riƙa taruwa gabas da yamma ya watse ba ko ɗigo. Manoma sun gama sharar gona, sun zuba taki, sun zauna suna kallon sama. A kwanakin ne na lura gaisuwar Baba ta fara guntulewa. Ranar farko ya gaida mutum goma ya ce sauran a yafe shi. Rana ta biyu ya ce, "Jama'ar zaure gaba ɗaya." Mustafa har da murna, wai addu'arsa ta karɓu. Rana ta uku ba a ji shi ba sam. Na san ya yi ta shiga gidajen 'yan ciranin da suka dawo, da takunkumin atamfa ɗaya wanda Inna ke wanke masa kullum.

Da azahar ta ranar na hau tanki, sai ga saƙo daga gare shi, ni kaɗai ya turo wa.

"Luba... ɗiyata. Masassara ce... 'yar kaɗan. Da... sauƙi. Ki riƙa sa mani... rahoto. Ki ce... wayata ce... ta lalace." Ya yi tari mai tsawo. "Kada ki hwaɗa ma Hajiya. In sunka kai ni Gusau... ba a maido gawa. Ba wanka... ba Hajo kusa. Nan nika so... inda za a yi mani sutura. Amana... na ba ki."

A lokacin haka ake ta faɗa a gari, wai duk wanda aka killace in ya mutu ba a ba danginsa, a leda ake rufe shi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni kaina ban sani ba. Abin da na sani, mutumin da bai taɓa roƙona komai ba yau ya roƙe ni, kuma ya kira sunan amana. Na amsa masa na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara sauƙi." Na sa masa rahoto a ranar, na sa washegari.

Da la'asar ta rana ta biyu Hajiya ta rubuto a zaure: "Luba, kwana biyu ban ji wa'azin babanki ba. Lahiya?"

Na rubuta: "Wayarsa ce ke ba shi wahala. Ɗan mura ne kuma, amma da sauƙi."

Wallahi sai da ya tafi na ga abin da hannuna ya rubuta. Ina ganin alamar mutane sun karanta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tanka, har Mustafa. Can sai ga muryar Hajiya, gajeriya, ba faɗa ba tsawa.

"Luba. Ni kika ce ma da sauƙi?"

Ba ta fitar da ni ba. Daga baya na ji ta kira Baba sau bakwai bai ɗauka ba, ta nemi Mustafa ya je, amma rana ta yi sanyi, kuma hanyar ba a bin ta bayan la'asar saboda mutanen daji masu bindiga.

Na zauna a kan dakalin nan, siminti na ƙona ni, na nemo tsohuwar gaisuwar Baba ta farkon azumi na saurara. Na nemo muryar da ya turo mini jiya na saurara. A ta farko sunan mutum shida a numfashi ɗaya. A ta biyu, kalmar nan guda, da sauƙi, sai da ya raba ta biyu ya huta a tsakiya. Na ji wannan tun ranar da ya turo. Na ji sarai, na toshe kunnena don ina jin kunyarsa. Da aka kira magariba maigidana ya miƙo mini kunu, na kurɓa sau ɗaya na ajiye. Ya ce lafiya? Na ce, "Ban sani ba ko amana nake riƙo ko kisan kai nake yi."

Gari na wayewa na hau tanki na kira wayar Baba. Inna Hajo ce ta ɗauka. Na ce, "Inna, ya jikin Baba?"

Ta ce, "Da sauƙi, Luba. Ya ma ɗauki azumi."

Na ce, "Inna, don girman Allah ki yi mani abu ɗaya. Ki aza wayar bisa ƙirjinsa, kusa da bakinsa. Kada ki yi magana har sai na ce ki ɗauke."

Ta aza. Na kafa wa agogo ido. Ina jin zakara can nesa, ina jin wata na daka a maƙwabta, a tsakiyarsu kuma ga numfashin Baba, gajere, da sauri, da wani ɗan kuka a ƙarshensa. Talatin da takwas. Na ce ƙila na yi kuskure, na sake. Talatin da takwas.

Na buɗe zaure. Na san in na rubuta, mutum ashirin za su gani, kafin azahar ƙauyensu duk ya ji. Na san zai ce na ci amanarsa, kuma gaskiya zai faɗa. Na rubuta: "Baba Bawa. Talatin da takwas. Masassara kwana shida. Yana azumi." Na danna, na kife wayar a cinyata na fashe da kuka.

Kafin in share ido zaure ya tashi. Mustafa ya ce ya hau babur. Hajiya ta ce mota ta fito daga Kaura. Wani abokin aikinmu da ke bakin hanya ya ce ya tambayi direbobi, hanya lafiya lau zuwa azahar, a yi sauri. Wata ta ce tana da rigar kariya ɗaya da ta ɓoye don ranar tsiya, mota ta tsaya ta karɓa. Ni da nake nesa ba abin da zan iya sai kallon waya.

Da hantsi Mustafa ya kira ni daga tsakar gidan Baba, ya buɗe murya kowa na ji. Baba ya ƙi tashi. Ina jin Inna na kuka tana cewa ba inda za a kai shi. Ina jin Mustafa na rantsuwa cewa in ta Allah ta kasance shi da kansa zai tsaya a kan gawar har a sallace ta. Sai na ji muryar Baba kusa da wayar.

"Luba... ke ta?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Numfashin nan nasa ya cika mini kunne. Na jira ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai aka kashe wayar. Jim kaɗan wani ɗan layi ya fito a zaure: Baba Bawa ya fita. Mustafa ya gaya mini daga baya, sharaɗin da ya kafa ke nan. Ya ce a fidda shi daga zauren da ake tona wa tsoho asiri, sannan ya sha ruwa ya shiga mota.

Goman ƙarshe ban san yadda na yi ta ba. Gwaji ya nuna korona ce. Hajiya na da ƙawa a inda aka killace shi, ita ke turo mata labari, ita kuma ta sa a zaure kowace safiya, lamba tsirara. Talatin da biyar, an sa masa iska. Talatin da huɗu. Talatin da bakwai. Ranar talatin da bakwai ɗin na kira ta ina kan tanki, na ce, "Hajiya, don Allah don Annabi ki ce mani da sauƙi, ko sau ɗaya, ko da ƙarya ne."

Da ta yi magana sai na ji muryar ta karye, abin da ban taɓa ji ba. Ta ce, "Luba, in na hwaɗa maki yau, ran da ta zama gaskiya ba ki yarda da ni."

Ranar na gane wa kaina abin da ya sa mutanenmu ke riƙe da kalmar nan. Mai jinya ma yana bukatarta, ko don ya iya haɗiye abinci.

Can ƙauyensu kuwa an guje wa gidan Baba. Gidan da a kowane azumi kwanoni ke shiga suna fita da magariba, ba mai aiko da ko ludayin kunu. Ba mai zuwa ɗiban wuta. Inna Hajo ta yi kwanakin da aka ce ta yi a killace ita kaɗai, Allah ya tsare ta ba ta kamu ba, amma ko bayan ta fito mata na ganinta a rijiya sai su ja baya. Na kira ta ba adadi. Sau ɗaya ta ɗauka, ta ce, "Kin kai mani miji inda ba a komowa," ta kashe. Matar da ta yi mini lalle da hannunta ranar aurena.

Aka yi Sallah, ba ta yi kama da Sallah ba. Kwana huɗu bayanta, da la'asar, iska ta taso daga gabas ta kwashe mini shanya, gari ya yi duhu, sai ruwa. Ruwa na gaske, mai ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai a ƙarƙashin kwano. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, yara suka fito tsirara suna ihu, mata na jera tukwane da robobi a bakin indararo. Ni ma na fita na tsaya a ciki da kayana. Lambar Baba ta wannan safiya ashirin da takwas ce, karo na farko da ta sauka ƙasa da talatin.

Ruwan shuka ne, kowa ya sani, kuma wanda ya bari laimar ta wuce ya yi asarar mako ko fiye. Gonar Baba ba mai shiga, 'ya'yansa kulle ya tare su a Kudu, maƙwabta kuma tsoro. Mustafa ya rubuta a zaure: "Gobe gayya gonar Baba. Mai zuwa shi zo da sungumi da takunkuminsa." Na bar wa ungozomar gari makulli, maigidana ya ɗauke ni a babur tun da sassafe.

Mu bakwai muka haɗu. Ka ga ma'aikatan asibiti da takunkumin atamfa, an naɗe wando, ana saran ƙasa layi-layi. Mutanen ƙauye suka tsaya daga nesa suna kallo, can sai ɗaya ya shigo da sunguminsa, sai wani ya biyo. Inna Hajo ta fito da ƙwaryar iri a kai. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ɗebi gero a ƙoƙo ta miƙo mini, ta nuna mini layin da ke kusa da nata. Muka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, a jefa iri a rufe da diddige, har rana ta take, ba wadda ta ce da 'yar'uwarta komai.

Gero ya tsiro ya yi ganye uku lokacin da aka sallamo shi. Na ji labari a zaure, ban kira ba, ban da fuskar kira. Bayan kwana biyar, da safe, na hau tanki kamar kullum, sai ga ɗan layi: Hajiya Kulu ta saka Baba Bawa. A ƙarƙashinsa saƙon murya, minti shida.

"Salamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya Kulu kin tashi lahiya, ya ruwa, ya aiki, ya mutanen Kaura. Mustafa sarkin surutu, layin da kas shuka ya karkace amma na gode..."

Muryar ta sirance, amma tasa ce. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka yi wa canjin wurin aiki ya bar ƙasar. Wurina na uku ne a gaisuwarsa tun da aka buɗe zauren. Ya tsallake. Ya kai na goma, ya kai na ashirin, ya gaida direban motar da ba ya ma cikin zauren. Ni dai na riƙe ƙarfen tanki, na ce shi ke nan, ya rayu, ya ishe ni, ko da bai ƙara kiran sunana ba har abada.

Sannan ya ce, "Luba. Na san kina nan bisa tankin ga, kin kafa ma agogo ido. To ga ta nan, na aza ta bisa ƙirjina da hannuna. Ƙirga, ɗiyata."

Minti guda cur ba magana. Mutum ashirin a ƙasa uku, kowa da waya a kunne, ana sauraren tsoho yana numfashi. A hankali yake shiga, a hankali yake fita. Can baya ina jin Inna na kiran kaji. Hawaye ya rufe mini agogon, sai da na mayar da saƙon baya na sake.

Na danna na yi magana. "Sha takwas, Baba."

Ba a jima ba ya dawo. "To, Hajiya, kin ji lamba. A ba ni izini?"

Hajiya Kulu ta ce, "Hwaɗi, Malam Bawa."

Ya ce, "Da sauƙi."

Tun daga shekarar nan zuwa yau, ranar ce kaɗai na ji wannan kalma ban duba agogo ba.